Game da binciken gina hanji a ɗakin gwaji: wasiƙa daga Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan ƙoƙarin da masana ke yi na gina hanjin ɗan Adam a ɗakin gwaji, ta hanyar na'urar da ke jera ƙwayoyin halitta masu rai kamar yadda na'urar ɗab'i ke jera tawada a kan takarda. Labarin ya iso garinmu ta wayar salula, kuma ya raba mutane gida biyu. Wasu sun ɗauka an riga an gama, wato duk wanda hanjinsa ya lalace, in dai yana da kuɗin jirgi, sai ya je a buga masa sabo. Wasu kuma sun ce wannan aikin masu ƙoshi ne, babu ruwan talakan Damagaram da shi. Na yi shekaru masu yawa ina koyar da kimiyyar halittu a makarantar sakandare, na kuma yi jinyar mai yankakken hanji a cikin gidana, saboda haka ina ganin dukansu sun yi kuskure, amma kuskuren na biyun ya fi damuna.

Ɗan ƙanwata yana da shekara 11 lokacin da aka kawo shi daga ƙauyensu na wajen Magarya. Ya yi mako biyu yana masassara ana ba shi maganin cizon sauro, sai wata rana cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar allo, ko taɓawa ba ya bari a yi. Likitan fiɗa ya ce mana cutar taifod ce ta huda masa ƙaramin hanji a wurare uku. Aka yanke ɓangaren da ya ruɓe, kuma da yake cikin ya riga ya cika da ƙazanta, ba a haɗa hanjin nan take ba, sai aka fito da bakinsa ta gefen ciki domin bahaya ya riƙa zuba a cikin jaka. Wata huɗu yaron ya yi a haka. Jakar tana da tsada kuma ba kullum ake samunta ba, fatar wajen ta saɓule, ga shi lokacin bazara ne, zafi ya haura digiri 40, ruwan jikinsa yana tsiyayewa fiye da yadda yake iya sha. Allah Ya yi da sauran kwanansa, aka mayar da hanjin, yau yana zuwa makaranta. Amma a gadon da ke kusa da nasa akwai wani magidanci wanda hanjinsa ya murɗe, kafin a iso da shi mafi yawansa ya mutu, dole aka yanke. An yi aikin lafiya, rauni ya warke, yana cin abinci, sai dai abincin yana fita kusan yadda ya shiga. Na ga mutumin nan yana ramewa da kwanon tuwo a gabansa har Allah Ya karɓi abinsa. Duk lokacin da na karanta wani abu a kan wannan bincike, shi nake tunawa.

Wanda bai san yadda hanji yake ba zai ɗauka tiyo ne kawai, alhali ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙaramin hanjin baligi ya kai kimanin mita 6, babban kuma kimanin mita 1 da rabi. Cikin ƙaramin yana lulluɓe da ƴan tsirarrun yatsu miliyoyi, kamar gashin tawul, waɗanda suke tsotse abinci su kai shi jini, kuma da za a shimfiɗe su duka da sun rufe fili na kimanin murabba'in mita 30, wato daɓen babban ɗaki. A bayan wannan shimfiɗa akwai hanyoyin jini, akwai tsoka hawa biyu da ke matsa abinci gaba, akwai kuma ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyin jijiyoyin saƙo da ke tsara motsin ba tare da jiran umarnin ƙwaƙwalwa ba. Idan abin da ya rage wa baligi na ƙaramin hanji bai kai mita 2 ba, likitoci suna kiran halin da yake ciki cutar gajeren hanji. Ƙasashen da suka ci gaba suna da manyan hanyoyi biyu ga wanda nasa ya tsananta. Ta farko ita ce a riƙa ba shi abinci ta jijiya, dabarar da Stanley Dudrick da abokan aikinsa suka tabbatar a Amurka a 1968, sai dai tana buƙatar tsabta mai tsanani, da firji, da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma idan an daɗe ana yi tana iya ɓata hanta ko ta shigar da cuta cikin jini. Ta biyu ita ce dashen hanjin wani, wanda yana cikin dashe mafi wuya, domin hanji cike yake da sojojin garkuwar jiki da ƙwayoyin cuta, jikin wanda aka dasa wa yakan yaƙe shi, kuma sai ya sha maganin danne garkuwa har iya rayuwarsa. Magidancin da na ambata bai sami ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Abin da ya buɗe wa masana ƙofa shi ne wata baiwa da Allah Ya yi wa hanji: shimfiɗar cikinsa tana sabunta kanta duk bayan kwana 3 zuwa 5. A 2007, a cibiyar Hubrecht da ke birnin Utarek na ƙasar Holan, Nick Barker da Hans Clevers suka gano ƙwayoyin tushe, wato iyayen ƙwayoyi masu haifar da sababbi, da ke wannan aiki, suna zaune a gindin wasu ƴan ramuka tsakanin yatsun da na faɗa. Bayan shekara biyu, a 2009, wani likita ɗan Japan mai suna Toshiro Sato, a wannan ɗakin gwaji dai, ya ɗauki ƙwaya guda ya sa ta cikin wani abu mai yauƙi, ya ba ta sinadaran da take buƙata, sai ta hayayyafa ta gina ɗan ƙaramin hanji da kanta, da ramukansa da ire-iren ƙwayoyinsa. Wannan shi ne abin da ake kira oganoyid. Sai dai girmansa bai kai ƙwayar gero ba, kuma a rufe yake kamar ƙwallo, ba shi da mashiga ba shi da mafita, don haka ba zai ciyar da kowa ba. Tambayar da ta biyo baya ita ce yadda za a ba shi siffa da tsawo, kuma a nan ne na'urar ɗab'i ta shigo.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Miriya ya kalli mai ginin tukwane ya riga ya fahimci tsarin. Tana murza yumɓu ta ɗora zobe a kan zobe har randa ta tashi. Haka na'urar take yi, sai dai kwamfuta ce ke jan hannunta, kuma abin da ke fitowa daga bakin allurarta tawada ce mai ɗauke da ƙwayoyi masu rai. Tun 2003 Thomas Boland ya gwada haka a Amurka da na'urar buga takarda ta ofis da ya yi wa gyara. Wahalar aikin tana cikin tawadar. Ana haɗa ta da aljinet da ake samu daga ciyawar teku, ko kolajin da jelatin na fata da ƙashin dabbobi, ko sinadarin siliki, kuma dole kaurinta ya zo daidai: idan ta tsinke kamar kunu ginin zai rushe, idan ta yi tauri kamar tuwon da ya kwana ƙarfin matsawa zai kashe ƙwayoyin a bakin allura, waɗanda suka tsira kuma su rasa wurin motsi. Ana kuma so ta riƙa narkewa a hankali gwargwadon yadda ƙwayoyin suke gina nasu mazauni. Abin da aka fi renon oganoyid a cikinsa, wato Matrigel, daga ƙarin da ke fitowa a jikin ɓera ake tatsarsa, kuma babu mai sa irin wannan a jikin mutum, shi ya sa neman madadinsa ya zama babban fage na kansa.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na ƙungiyar Matthias Lutolf a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, wanda aka bayyana a 2020. Maimakon su tilasta wa na'ura zana kowane rami da kowane yatsa, sai suka sa ta shimfiɗa ƙwayoyin tushe a layi ɗaya mai kauri a cikin abin reno, suka bar su. Ƙwayoyin da kansu suka haɗu suka zama bututu mai rami a tsakiya, mai tsawon ƴan santimita, suka fitar da ramukan da ake gani a hanjin gaske. Wato ɗan Adam ya nuna musu wurin zama, sauran aikin kuma ilimin da Mahalicci Ya ajiye a cikinsu ne ya yi shi. Na kan gaya wa ɗalibaina cewa wannan ya kamata ya ƙara wa mai bincike tawali'u, ya kuma kwantar da hankalin wanda yake jin tsoron ana gasa da Allah ne.

Akwai wata hanyar da majeman garinmu za su gane ta nan da nan. Kamar yadda ake jiƙa fata a cire gashi da nama a bar ƙirgi, haka ake wanke hanji da sinadarai har ƙwayoyinsa su fita duka, ya rage farin tsaiko mai ɗauke da siffar yatsu da hanyoyin jini, sannan a yi masa baibaya da sababbin ƙwayoyi. A 2017 ƙungiyar Harald Ott a birnin Boston ta yi haka da guntun hanjin ɓera, ta shuka masa ƙwayoyin mutum, ta haɗa shi da jijiyoyin jinin wani ɓeran, kuma bayan mako 4 ya tsotsi sukari da maiƙo ya kai cikin jini. A 2020 masana na cibiyar Francis Crick da asibitin yara na Great Ormond Street a Landan suka reni ƙwayoyin da aka ɗebo daga yara masu ciwon hanji, suka shuka su a kan irin wannan tsaiko na hanjin mutum, ya rayu a jikin ɓeraye har mako 2. A 2021 Sato, wanda ya koma Jami'ar Keio a Tokiyo, ya kankare shimfiɗar wani ɓangare na babban hanjin ɓera ya maye gurbinta da ƙwayoyin ƙaramin hanji, ɓangaren ya fara tsotsar abinci, ɓerayen da aka gajarta wa hanji suka fi daɗewa a raye. A jikin mutum kuwa, a watan Yulin 2022 wata jami'ar likitanci ta Tokiyo ta sanar cewa ta dasa wa mai gyambon babban hanji oganoyid da aka rena daga nasa jikin domin a toshe gyambon.

Mai karatu zai lura cewa kusan duka labarin na ɓeraye ne, kuma awon na santimita ne da makonni. Har yanzu ba a buga cikakken hanji an dasa wa ɗan Adam ba. Babban shingen shi ne jini, domin ƙwaya ba ta rayuwa idan ta yi nesa da hanyar jini fiye da kashi 1 cikin 5 na milimita, saboda haka duk tsokar da ta yi kauri ba tare da ƙananan jijiyoyi a cikinta ba, tsakiyarta mutuwa take yi. Bayan jini ga tsoka da jijiyoyin saƙo, waɗanda in babu su bututun zai tsaya cik abinci ya taru a ciki, sannan ga buƙatar ya jure ƙwayoyin cuta da ruwan narkar da abinci daga ranar farko ba tare da ya yi yoyo ba. Gaggawa a wannan fage ta taɓa cin rayuka. Daga 2011 likita Paolo Macchiarini ya dasa wa marasa lafiya maƙogwaron roba da aka shafa wa ƙwayoyin tushe a ƙasar Suwidin da wasu ƙasashe, duniya ta yi ta yabo, daga baya mafi yawansu suka mutu, kuma a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa ɗaurin shekara 2 da rabi. Ina kawo wannan ne domin na san halin mutanenmu idan ciwo ya kama nasu: za su sayar da gona da shanu su bi duk dillalin da ya yi musu alkawarin waraka a ƙasar waje. Jarida tana da alhakin kare su daga wannan.

To, idan abin yana da nisa haka, me ya haɗa shi da mu? Abu na farko shi ne, ƙaramin hanjin da ke cikin kwanon gwaji ya riga ya fara aiki tun kafin a kai ga dashe, kuma aikin nasa ya shafi cututtukanmu kai tsaye. Ƙwayar cutar taifod mutum kaɗai take kamawa, ba ta yi wa ɓera abin da take yi mana, shi ya sa aka daɗe ana fama wajen gane yadda take kutsawa cikin bangon hanji. Yanzu ana iya zuba ta a kan hanjin mutum da aka rena a kalli abin da take yi. Norobairos, mai haddasa amai da gudawa, ya gagari masana renawa shekara da shekaru sai a 2016 da ƙungiyar Mary Estes ta yi nasara a birnin Hustan ta amfani da irin wannan hanji, kuma a 2018 aka yi haka da Kiriftosiforidiyom, wata ƙwaya da ke cikin manyan masu sa wa ƙananan yara zawo a Afirka. Duk wanda ya shiga ɗakin jinyar yara masu tamowa a Matamai ko Magarya a lokacin damina ya san cewa yawancinsu ba yunwa kaɗai ke damunsu ba, hanjinsu ne ya gaji da zawo har yatsunsa suka gajarce ba sa iya tsotsar abin da aka ba su. Magani ko rigakafin da za a gwada a kan ɗan hanjin kwano zai iso gare mu tun kafin hanjin mita 6 ya iso. Haka kuma a ganina ɗan faci da zai toshe ɓula ko ya warkar da yoyon hanji bayan aiki ya fi kusa da samuwa fiye da cikakken hanji, kuma shi ne likitocin fiɗarmu suka fi buƙata, tunda ɓular taifod, da murɗewar hanji, da gwaiwar da ta shaƙe, su ne suke tashinsu cikin dare.

Abu na biyu ya shafi addini, kuma gara a tattauna shi tun yanzu. Da yawa daga cikin kayan nan daga alade ake samunsu. Facin da ake yi da bangon ƙaramin hanjin alade ya daɗe ana amfani da shi a asibitocin Turai da Amurka wajen gyaran rauni da gwaiwa, kuma jelatin mai yawa a kasuwar duniya daga fatar alade yake. A 1995 wani taron malamai da likitoci a Kuwait ya ɗauki ra'ayin cewa jelatin ya sauya daga asalinsa, wato istihala, don haka ya halatta, amma akwai malaman da ba su gamsu da hakan ba. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, ba zan yanke hukunci ba. Abin da nake roƙo shi ne malamanmu da likitocinmu su zauna tare a fahimci yadda ake sarrafa kayan kafin ranar da za a tambayi uba a bakin ɗakin fiɗa, ɗansa yana kwance, ko ya yarda ko bai yarda ba. Mun ga yadda jita-jita ta wahalar da rigakafin shan inna a ƙasar Hausa saboda an makara wajen bayani.

A nan ne kuma nake ganin muna da abin bayarwa. Kolajin da jelatin ana samunsu daga fatar shanu da ta kifi, kuma mu ƙasar dabbobi ce, yankanmu na halal ne, fatunmu kuwa da yawa ɗanye suke tsallaka iyaka zuwa Kano. Na san cewa kolajin da zai shiga jikin mutum yana buƙatar tsabta da bin diddigin lafiyar dabba tun daga garke, abin da ya sa masana'antu suke son na Ostareliya da Niyu Zilan, kuma ba na cewa gobe za mu kai wannan matsayi. Amma tace kolajin daga fata, da auna ƙarfinsa da yadda yake narkewa, aiki ne da ɗalibin kimiyya zai iya farawa a ɗakin gwaji matsakaici. Ƙaron da ake tsinka a wajen Gure ma, wanda masu haɗa magunguna suka daɗe da saninsa, ya cancanci a gwada shi a cikin irin wannan tawada. Jami'ar André Salifou tana da sashen kimiyyar lafiya a nan garin, likitocin fiɗa na Babban Asibitin Ƙasa na Zinder kuma sun wallafa rubuce-rubuce a kan ɓular hanji ta taifod daga abin da suka gani da idonsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ɗakunan gwajin Turai da Japan suna da na'ura, mu muna da sanin ciwon da marasa lafiyar, kuma da wannan ake shiga haɗin gwiwa da mutunci, bisa sharaɗin cewa duk ƙwayar da za a ɗiba daga jikin ɗanmu sai da yardar iyayensa, kuma a bayyana musu da Hausa inda za a kai ta da abin da za a yi da ita.

Na san za a ce mini ruwa ne kan gaba, kuma na yarda. Taifod ta ruwa da abincin da bahaya ya gurɓata take shiga, kuma garin da yake zaune a kan duwatsu, yana jiran ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, unguwanni da yawa suna dogara da ƴan ga-ruwa, ba ya buƙatar a koya masa darajar ruwa mai tsabta. Akwai kuma sabuwar allurar rigakafin taifod da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, wadda Laberiya da Zimbabuwe suka fara yi wa yaransu a 2021, Malawi kuma a 2023. Da ɗan ƙanwata ya sami waɗannan biyu, mai yiwuwa da bai ga ɗakin fiɗa ba. Amma ruwa da rigakafi ba su hana hanji murɗewa, ba su hana na bakwaini ruɓewa, kuma bibiyar ilimi ba ta rage ko dala ɗaya daga kuɗin haƙa rijiya.

Saboda haka, ya Edita, ina roƙon jaridarka ta ci gaba da kawo labarin wannan bincike, amma duk sanda za ta kawo shi ta faɗa wa mai karatu ko a kwanon gwaji aka yi, ko a jikin dabba, ko a jikin mutum, da yawan waɗanda aka gwada a kansu, da tsawon lokacin da aka bi su ana dubawa. Ina kuma roƙon ka aiko wakilinka Damagaram ya zauna da likitocin fiɗa da masu jinya, ya ji yawan cikin da suke buɗewa saboda taifod, ya tambayi iyaye abin da jakar bahaya take ci musu a wata, ya kuma nemi malaman jami'a su taimaka a daidaita kalmomin Hausa na wannan fanni, domin waɗanda na yi amfani da su a nan ƙoƙarin malamin aji ne, kuma zan yi murna a gyara mini su.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Malamin kimiyya mai ritaya,
Unguwar Birni, Damagaram.